Abin da haɗa furogirama da hannuna ya koya min game da ƙananan IC

Duk wanda ya daɗe yana aiki da ƙananan IC ɗin nan masu ƙwaƙwalwa, irin su ATmega8 da ATmega328P da ATtiny85, akwai ranar da zai ji ya gaji da ciro IC daga fanel ya kai ta wani bod ya zuba mata kod ya dawo da ita, gobe ma haka, har ƙafafunta su fara lanƙwashewa. Idan kuma irin wadda ake mannawa a kan fanel ce da dalma, to maganar cirowa ma ba ta taso ba. Abin da ya sa na zauna na haɗa furogirama tawa kenan, wadda za ta riƙa yi wa IC lodi tana nan zaune a inda take. Kuma gaskiya abin da na samu a aikin ya fi na'urar kanta daraja a wurina, domin a nan ne na fahimci abin da ke gudana tsakanin kwamfuta da IC a 'yan daƙiƙun nan da muke zuba wa sikirin ido muna jiran a ce an gama.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar lamarin. A IC ɗin AVR, wato dangin waɗanda na ambata a sama, waya shida ce kacal: wuta, ƙasa, RESET, sai MOSI da MISO da SCK. MOSI ita ke kai saƙo zuwa IC, MISO ta dawo da amsa, SCK kuma ita ke buga ƙidaya, duk bugu ɗaya bit ɗaya ya wuce. Furogirama za ta ja RESET ƙasa ta riƙe, ta ɗan jira aƙalla milisakan 20, sannan ta aika bayit huɗu, 0xAC 0x53 0x00 0x00. In IC tana raye kuma ta ji, lokacin da ake aika bayit na uku za ta dawo da 0x53 ɗin nan ta MISO. Shikenan, kamar ka ƙwanƙwasa ƙofa ne ka tsaya ka ji ko an amsa daga ciki. Duk sauran abubuwan, karanta sa hannun IC, goge ƙwaƙwalwa, rubuta fiyus (bit ɗin da ke saita yadda IC za ta tashi), duk umarni ne na bayit huɗu-huɗu da ke biyo bayan wannan amsar, kuma duk suna nan a jere a tebur guda cikin takardar bayanin da kamfani ya fitar. Tun ranar da na ga teburin nan na daina jin tsoron saƙon nan na avrdude, manhajar kwamfuta da ake tura kod da ita, da ke cewa IC ba ta amsa ba, saboda yanzu na san ainihin abin da yake nufi: an aika bayit huɗun, 0x53 ba ta dawo ba. Sai tambayar ta koma guda uku masu sauƙi, shin saƙon bai isa ba ne, ko ya isa IC ba ta gane ba, ko ta amsa amsar ce ta ɓata a hanya.

Wadda na haɗa ita ce USBasp, tsarin da Thomas Fischl ya fitar kyauta ga kowa. Kayanta ba su da yawa, ATmega8 guda, kiristal mai 12 MHz da ƙananan kapasita biyu na 22 pF a gefensa, rasistoci kaɗan, dayod ɗin zena biyu, fitilu biyu. Amma akwai wani ƙulli da kowa sai ya ci karo da shi, ita kanta furogiramar ai IC ce a cikinta, kuma tana buƙatar a zuba mata nata kod ɗin kafin ta iya zuba wa wata. To da me za ka zuba mata? Mutanen da suka riga mu sun riƙa amfani da faffaɗar kafar firinta ta tsofaffin kwamfutoci, waya da rasistoci kawai, ko kafar siriyal tare da manhajar PonyProg. Yanzu yawancin kwamfutoci ba sa zuwa da waɗannan kafofin, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a ari Arduino Uno a zuba masa ArduinoISP da ke cikin misalan manhajar Arduino, ƙafa ta 10 ta tafi RESET, 11 MOSI, 12 MISO, 13 SCK, sannan a sa kapasita 10 µF tsakanin RESET ɗin shi Uno ɗin da ƙasa don kar ya riƙa sake tashi duk sanda kwamfuta ta buɗe layin. Sau ɗaya kawai kake buƙatarsa, daga nan furogiramarka ta tsaya da ƙafarta.

Ɓangaren USB ɗin ma ya koya min wani abu da ban zata ba. ATmega8 ba ta da USB a jikinta sam, kod ne mai suna V-USB yake kwaikwayon USB mai ƙaramin gudu, 1.5 Mbit a daƙiƙa, ta hanyar ɗaga ƙafafu biyu da sauke su a daidai lokacin da ya kamata, shi ya sa kiristal ɗin ba abin da za ka ce bari in sa wanda na samu a akwati ba ne, in kod ɗin na 12 MHz ne to sai 12 MHz. Su kuma zena biyun nan masu 3.6 V da mutane da yawa ke ganin kamar ado ne, aikinsu babba ne, domin IC tana aiki da 5 V amma layukan D+ da D- na USB kusan 3.3 V suke so, zena ɗin ne ke danne wutar tare da rasistoci 68 ohm. In ka cire su wata kwamfutar za ta karɓa wata ta ce ba ta san na'urar ba, kai kuma ka yi ta zargin direba alhali matsalar tana kan fanel ɗinka.

Amma darasin da ya fi zauna min a rai shi ne na gudu. Sabuwar ATmega328P daga kamfani ba da 16 MHz take tashi ba kamar yadda wanda ya saba da Arduino zai ɗauka. Tana amfani da agogonta na ciki mai 8 MHz, sannan akwai fiyus ɗin CKDIV8 da ke raba shi gida takwas, wato 1 MHz take tafiya. Ita ma ATmega8 sabuwa 1 MHz ce. Ƙa'idar da ke takardar kamfani kuma ita ce bugun SCK ya zama ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na gudun IC ɗin, saboda sai IC ta samu fiye da bugu biyu na agogonta a kowane rabin bugun SCK kafin ta iya karanta shi. Lissafa da kanka, 1 MHz raba huɗu 250 kHz kenan. USBasp kuwa asalin gudunta 375 kHz ne. Ka ga ashe sabuwar IC lafiyayya, waya daidai, wuta daidai, amma ba za ta amsa ba don kawai ana yi mata magana da saurin da ba za ta iya bi ba. Shi ya sa aka sa wata 'yar jamfa a tsarin da ke sauke gudun zuwa 8 kHz, kuma a sabon kod ɗin USBasp ana iya yin haka daga avrdude da -B. Wallahi na tabbata IC da yawa da aka jefar da sunan sun ƙone ko jabu ne, da an rage musu gudu da sun amsa. Ni dai yanzu duk IC ɗin da ban san tarihinta ba da tafiyar hawainiya nake fara mata, sai ta amsa sannan in ƙara.

Daga nan sai na ɗauki wata ɗabi'a, ba na rubuta komai sai na fara karantawa. Kowace IC tana da sa hannu na bayit uku, ATmega328P nata 1E 95 0F, ATmega8 1E 93 07, ATtiny85 1E 93 0B. In ka tambaya aka dawo maka da sifili zalla ko FF zalla, to ba IC ce ke magana ba, layin MISO ne ya maƙale a ƙasa ko a sama, je ka duba waya da wuta da agogo. In lambobin suna canzawa duk sanda ka sake tambaya, yawanci waya ce ta yi tsawo ko ƙasa ba ta haɗu da kyau ba ko babu kapasita 100 nF kusa da ƙafar wutar IC. In kuma ka ga 1E 95 14, komai lafiya, kawai ATmega328 ce marar P a hannunka, gyara sunan a umarninka. Akwai -F a avrdude da ke cewa a ci gaba ko da sa hannun bai dace ba, kuma ina jin takaici in na ga ana ba sabon shiga shawarar ya sa shi, domin rufe bakin mai faɗa maka gaskiya ne kawai, matsalar tana nan.

Sai fiyus, inda nan ne ake rasa IC da gaske. Su ba fiyus ɗin da ke ƙonewa ba ne, 'yan bit ne da ke faɗa wa IC yadda za ta tashi, daga ina za ta samu agogo, ƙafar RESET za ta ci gaba da zama RESET ko a'a. Abin da ke rikita mutane shi ne a nan 0 ne ke nufin an kunna, 1 kuma an kashe, kuma wasu manhajojin alamar da suke sawa a akwati tana nufin 0 ɗin ne, don haka mutum zai iya juya komai a baibai yana ganin ya yi daidai. In ka saita CKSEL, fiyus ɗin zaɓen agogo, zuwa kiristal na waje alhali babu kiristal a fanel, IC za ta yi shiru ɗif, kuma furogiramarka ba za ta iya gyarawa ba tunda ita ma sai IC tana da agogo take jin ta. Wannan yana da magani mai sauƙi, ka sa mata kiristal na ɗan lokaci ko ka kawo bugun agogo daga wata IC ka ba ƙafar XTAL1, ta farka ka mayar da fiyus. Wanda ya fi zafi shi ne RSTDISBL, in ka kunna shi RESET ta zama ƙafa kamar kowace, kuma tunda da RESET ake shiga, ka rufe ƙofar kenan, sai furogirama mai zuba 12 V a ƙafar ce za ta buɗe. Don haka kafin in taɓa fiyus sai na karanto waɗanda ke ciki na rubuta a takarda, sabuwar ATmega328P tana zuwa da 0x62 a bayit ɗin fiyus na ƙasa da 0xD9 a na sama, sannan in buɗe teburin kamfani in bi bit ɗin ɗaya bayan ɗaya da biro. Kwafo lambar fiyus daga aikin wani ba tare da sanin irin agogon da ke fanel ɗinsa ba, ganganci ne.

Wani abin kuma shi ne tunda IC tana zaune a cikin da'irarta, ba ita kaɗai ke kan wayoyin nan ba. MOSI da MISO da SCK su ne dai ƙafafun SPI da kake haɗa katin ƙwaƙwalwa ko sikirin ko wata na'ura, in ɗayansu yana tura nasa saƙon a MISO lokacin lodi sai amsar IC ta gauraye. Atmel, kamfanin da ya ƙirƙiro AVR wanda Microchip ya saye a 2016, ya yi bayanin wannan a takardarsa ta AVR042, a sa rasista tsakanin ƙafar IC da sauran kayan, ita kuma furogirama ta shiga kai tsaye a gefen IC. Haka RESET, rasista 10k zuwa wuta ya isa, amma in ka ɗora mata babban kapasita furogirama za ta sha wahalar jan ta ƙasa a kan lokaci. Ka kuma yi tunani in injin lantarki mai juyawa ko rile na rataye a ɗaya daga cikin ƙafafun nan, lokacin lodi zai riƙa motsi da kansa, wannan kuwa zai iya ji wa mutum ciwo. Ga batun wuta, ko dai furogirama ta ba fanel wuta ko fanel ya yi amfani da tasa, kar a haɗa biyun, amma ƙasa dole a haɗa ta ko yaya. In kuma fanel ɗin na 3.3 V ne, tura masa 5 V a layukan nan ba lallai ya kashe AVR ɗin ba amma zai iya kashe katin da ke gefenta.

Kuma kar sunan ƙafa ya ruɗe ka. ATmega128 tana da MOSI da MISO a jikinta amma ba ta nan ake mata lodi ba, ta PE0 da PE1 ake bi. Wanda bai buɗe shafin lodi na takardarta ba zai zana fanel gaba ɗaya a kan kuskure.

Da na leƙa ɓangaren PIC, wani dangin IC daban, sai na tarar tunanin ɗaya ne da ɗan bambanci, layin bayanai PGD, layin bugu PGC, sai MCLR, wato RESET ɗinsu, da tsofaffin irin su PIC16F84 ke son a ɗaga ta kusan 13 V kafin su buɗe, shi ya sa tsohon tsarin furogirama na JDM da ke tatsar wutarsa daga kafar siriyal yakan ƙi aiki da 'yan wayoyin USB zuwa siriyal, wutarsu ba ta kaiwa. Sababbin AVR kuwa sun koma UPDI, waya ɗaya tal, har da ƙaramin bod ɗin USB zuwa siriyal da rasista guda ana iya yi musu lodi. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan da na fara taɓa su, tambayoyin dai su ne, ta ina ake shiga, da wane gudu, wace amsa zan jira.

Yanzu duk fanel ɗin da zan zana, kafin in ajiye komai sai na fara ajiye kan nan mai ƙafa shida da ake soka furogirama kusa da IC, 1 MISO, 2 wuta, 3 SCK, 4 MOSI, 5 RESET, 6 ƙasa, in sa ɗigo babba a ƙafa ta ɗaya yadda jan layin da ke gefen faffaɗar wayar zai faɗa kansa, sannan in bar isasshen fili a kewaye don yatsa ya iya shiga ko bayan an rufe fanel ɗin a akwatinsa.