Asabar a Ada, inda Volta ke shiga teku

Bayan sallar isha'i nake wannan rubutu, ƙafafuna cikin bokitin ruwan ɗumi. Na wanke su sau biyu, amma har yanzu akwai yashi a tsakanin 'yan yatsu.

Duk laifin ƙanena ne. Tun da ya sauka daga Jamus sati biyu da suka wuce, babu baƙon da ya shigo gidanmu a Nima, unguwarmu a Accra ta Ghana, bai ga bidiyon hutun da ya yi a Girka ba. Shi da abokan aikinsa suka yi hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin mai babban farin ƙyallen nan a sama, suka yi mako guda suna kwana a ciki. Yau su wayi gari a wannan tsibiri, gobe a wancan, su faɗa ruwa su yi iyo, da yamma su sauka wani gari su ci gasasshen kifi da man zaitun. Ya fi son ba da labarin Haidira, tsibirin da ba a yawo da mota, sai jakuna da alfadarai ke ɗaukar kaya. Goggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Yanzu kai saboda jaki ka kashe kuɗin jirgi?" Ni kuma na ce masa ai mu ma muna da tsibirai. Da bakina na jawo wa kaina, don ban taɓa taka ko ɗaya ba. Shekaruna duka a Nima na yi su, daga nan zuwa bakin teku tafiyar trotro (ƙaramar bas ta haya) ɗaya ce, amma ruwa bai taɓa wuce idon sawuna ba. Marigayiya Inna ba ta yarda. Kullum maganarta ita ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma mu ne kwandon.

Mun fita bayan asuba, mu shida, a motar Kawu. Muka tsaya muka sayi koko da ƙosai a bakin titi, da waakye a ganye don rana. Babbar hanyar Tema ba ta ba mu wahala ba, sai bayan shataletale, wajen Dawhenya, inda manyan motoci masu zuwa Aflao suka tare gaba da baya. Daga nan ƙasa ta buɗe, babu tudu ko ɗaya, sai fili da ciyawa da shanu jefi-jefi. Wajen Sege kankana ce tsibi-tsibi a gefen hanya. Kawu ya nuna hannun dama ya ce can ne Songor, tafkin da ake kwasar gishiri. A Kasseh muka bar hanyar Aflao muka karya dama, muka ratsa Big Ada, kafin ƙarfe tara muna Ada Foah.

Ciniki da mai kwale-kwale ya ɗauke mu kusan rabin sa'a. Mutanen Ada Dangme suke ji, wanda ɗan'uwan yaren Ga ne, to Kawu ya riƙa yi masa Ga shi yana mayarwa da nasa, suna fahimtar juna rabi da rabi, inda ta cije su koma Twi. Kuskurenmu shi ne barin ƙanena ya fito da gilashin rana da gajeren wando, don mutumin na ganinsa farashi ya haura. Sai da muka tura shi ya je sayen ruwan leda sannan aka daidaita. Rigunan kariya daga nutsewa guda huɗu ne kawai a jirgin, mu kuwa shida. Na ƙi shiga sai da aka aro biyu a wani jirgi. Ɗayar igiyarta ta tsinke, da bakin gyale na ɗaure wa ɗiyata.

Goggo ta zauna a tsakiya, hannu ɗaya a kan katako, ɗaya a kan carbi. Da injin ya tashi ta fara salati da ƙarfi, yaran suna dariya a ɓoye.

Ban san faɗin Volta ya kai haka ba. A taswira zare ne, a ido kuwa sai ka ɗauka teku ka shiga, ga tsibirai barbaje a ciki, wasu da bishiyoyin kwakwa da bukkokin ganye, wasu kurmin itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun gizo. Muka wuce manyan gidajen masu kuɗi a bakin kogi, kowanne da jirginsa a ɗaure. Ƙananan jirage biyu masu tafiya da iska suka gitta ta gabanmu, ƙanena ya miƙe tsaye yana nuna mini, "Yaya, irinsa ne, sai dai namu ya ninka shi!" Mai jirgi ya daka masa tsawa ya zauna, don kwale-kwalen ya karkata har ruwa ya taɓa zanen Goggo.

Tsibirin farko da muka sauka na masu rake ne. Suna matse shi da wata tsohuwar na'ura, su dafa barasar nan ta akpeteshie, abin da ke kawo musu baƙi ke nan. Muka yi musu godiya muka ce mu rake kawai muke so. Wata mata ta fere mana, muka sha a tsaye a inuwa, kaji na bin ɓawon. Ba mu daɗe ba.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar tsibiri na biyu na gan shi. Wani kwale-kwale ne tsaye a tsakiyar kogi, da ƙaramin inji yana ta ƙara, doguwar roba ta sauka daga jikinsa ta shige ruwa. Wani yaro yana zaune yana riƙe da ita, ba ya ko kallonmu. Mai jirginmu ya rage gudu ya ce mu jira. Can sai ruwa ya yi kumfa, kai ya ɓullo, sannan kafaɗu, mutum ya fito da bakin robar a bakinsa da buhun raga cike da adodi, wato ƙumbar kogin nan mai ɓawo biyu da ake tsirewa a tsinke ana sayar wa matafiya a Sogakope. Ya juye a cikin jirgi, ƙararsu kamar an zubar da tsakuwa. Ya share ido da bayan hannu, ya ɗaga mana hannu, ya sake nutsewa. Yatsunsa sun yi fari sun tattare. Sau nawa na sayi wannan tsire ta tagar mota ina ƙorafin ya yi tsada? Ban taɓa tambayar kaina daga ina yake fitowa ba. Ɓawon ma ba a zubarwa, shi ne tarin farin abin da muka gani a Big Ada kamar tsaunuka, ana niƙa shi a sa a abincin kaji, ana kuma ƙona shi a yi farar ƙasa.

A tsibiri na biyu aka soya mana shi da barkono, tare da banku da gasasshiyar karfasa da shito, baƙin yajin nan na mai. Karfasar da ranta muka gan ta kafin a sa ta a wuta, namanta yana ɓarewa fari tas, ba ruwanta da irin ta firiza da muke saya a kasuwa. Goggo ta ci kifi amma ta ture adodi, wai ba ta san hukuncinsa ba. Kawu ya tuna mata hadisin da duk muka haddace a makaranta, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal, kuma mu Malikawa ba mu ware komai a dabbobin ruwa ba. Ta ce ta ji, amma wannan kogi ne. Suka yi ta yi. A ƙarshe na ga ta ɗauki ɗaya lokacin da take zaton babu mai kallonta, sannan ta ƙara uku.

Bayan mun yi alwala a bakin ruwa mun yi azahar a kan tabarmar da muka zo da ita, Goggo ta zauna tana kallon sama da kogi, ta faɗi abin da ban taɓa ji ba. Ta ce ta wannan ruwan mahaifinta ya gangaro kudu. Na san kakanmu mutumin zangon Kete Krachi ne, garin Alhaji Umaru, babban malamin nan ɗan Kano da ya rasu a 1934, amma ban san ta kogi ya zo ba. Ta ce a lokacin gishirin Ada ake lodawa a kwale-kwale ana haurawa da shi Krachi, daga can ya wuce Salaga inda fatake ke zuwa sayen goro, to a irin jirgin da ya sauke gishiri zai koma ne ya samu wuri. Gidan da aka haife shi kuwa yanzu yana ƙarƙashin tafki, tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya cinye tsohon garin. Na ce, "Goggo, to me ya sa kuka hana mu ruwa?" Ta ce, "Don mun san shi." Ba ta ƙara ba, ni ma ban matsa ba.

Da la'asar ta gabato muka nufi bakin mashiga, kusa da ƙauyen masunta na Azizanya. Wani siririn tudun yashi ne, ka tsaya a kai kogi na hannunka ɗaya a kwance lumui, teku na ɗayan yana dukan ƙasa kamar mai jin haushi. Mai jirgi ya gargaɗe mu kada kowa ya kusanci inda suke haɗuwa, ruwan wurin yana ja. Ya kuma ce nan ya fi dacewa da wanka a kan can sama, inda ciyawa ta yi yawa tun da madatsa ta rage wa kogin ƙarfi, dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya samu wurin zama. Nan kuwa ruwan gishiri yana shigowa, ba ya barinsa. Wani yaro ya nuna mana sawun kunkurun teku da ta fito cikin dare ta yi ƙwai, faɗinsa kamar tayar ƙaramar tarakta ta bi ta kan yashi. Yanzu ne lokacinsu.

A nan na shiga. Da doguwar riga da wando da rigar kariyar, ƙanena na riƙe da hannayena biyu yana ja da baya. Gwiwa, cinya, ƙugu. Ruwan ɗumi ne a sama, sanyi a ƙasa, yashin yana zamewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata. Da ya kai ƙirji numfashina ya fara yankewa. Ya ce, "Yaya, kwanta kawai, ina riƙe da ke." Na ce Bisimillah na saki ƙafa. Kunnuwana suka shige ruwa, duk hayaniya ta ɗauke, babu abin da nake gani sai sama da tsuntsu ɗaya fari. Ba zan ce na yi iyo ba, ƙila minti ɗaya na yi a haka. Da na tashi na shaƙi ruwa ta hanci, na yi ta tari, takalmina ɗaya kuma ya tafi. Na hango shi yana lilo yana nufar teku.

Mun so mu ga ragowar ganuwar Kongenstein da mutanen Danmak suka gina a 1783, amma Kawu ya ce teku ta riga ta cinye mafi yawanta, kuma ba ya son tuƙin dare a hanyar Aflao. Muka sayi kankana uku a Sege. Cunkoso ya kama mu a Tema, magariba a gidan mai muka yi ta. Ƙanena ya ce ruwan Girka ya fi haske, ana ganin ƙasa tun daga cikin jirgi, amma kifinsu bai kama ƙafar wannan ba tunda babu shito. Goggo ba ta sa baki ba, barci take yi, kanta a kafaɗata.

Ɗazu da na shiga ɗakinta kai mata maganin hawan jini, na ga ɓawon adodi guda biyu a kan dardumarta kusa da carbi, ta wanke su. Gobe akwai suna a Mamobi da sassafe, kuma ban goge kayan da zan sa ba.