Yadda za ka tsayar da babur kafin ka duba baƙin mai

Wasu masu babur a Kano suna duba baƙin mai alhali mashin na jingine a kan ƙaramin jak na gefe. Awon nan ƙarya ne. Idan babur ya karkata hagu, mai yana gangarawa can, ma'aunin kuma, wato sandar awon mai, a yawancin baburan Jincheng da Haojue a dama yake, sai ya nuna maka mai ya ragu. Ka ƙara, ya yi yawa, injin ya fara hayaƙi, sil, wato robar da ke tare mai, ya fara yoyo.

Ɗora shi a kan babban jak, a daɓen siminti mai daidai. Ƙasar lungu ba ta yi, jak yana nutsewa gefe guda. Kunna injin minti uku, kashe, jira minti biyu mai ya sauka. Zaro ma'aunin, goge shi da tsumma, mayar ba tare da ka murɗa ba, sannan ka duba: mai ya tsaya tsakanin layukan biyu.

Wajen juye tsohon mai, injin ya zama da ɗumi don mai ya tsinke. Kwance notin ƙasa, in ya kusa tsanewa ka ɗan karkata babur hagu da dama, ragowar dattin ya fito. Duba washa kafin ka ɗaure, kuma kada ka matse da ƙarfi, zaren ramin notin na aluminiyam ne, saurin lalacewa gare shi. Yawancin ƙananan injuna kusan lita ɗaya suke ci. Zuba baƙin mai mai lamba 20W-50 kaɗan-kaɗan kana aunawa. Lokacin hunturu goge bakin murfin zuba mai tukuna, ƙura tana shiga ta nan.