Ganin masanin ƙwaƙwalwa ta waya: yadda zaman yake da abin da ke ɓata shi

Ciwon damuwa da fargaba ne suka sa na nemi magani ta intanet, bayan an daɗe ana ba ni maganin taifot da maleriya a kemis a kan rashin barci, nauyin kai da bugun zuciya. Yawancin masu tambayata sun ɗauka hira ce ake yi a waya a biya kuɗi. Aikin yana da tsari, kuma kiran da ake yi sau ɗaya a mako shi ne ƙaramin ɓangarensa. Babban aikin yana cikin kwanaki shidan da ke tsakanin zama da zama.

Tun farko sai ka san wa kake nema, domin mutum uku ne ake haɗawa a kira su duka "dakta". Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanci likitanci sannan ya ƙware a wannan fanni, kuma yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN. Shi ne ke rubuta magani. Akwai masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, wanda ke magani ta hanyar tattaunawa da atisaye, ba ya rubuta ƙwaya. Sai kuma mai ba da shawara, wanda iliminsa ya danganta da inda ya samu horo: wasu sun iya aikinsu sosai, wasu kuwa shafin Instagram ne kawai jarinsu. Kafin ka tura ko sisi, tambayi cikakken sunansa, inda ya yi karatu, asibitin da yake aiki ko ya taɓa aiki, lambar rajistarsa idan likita ne, da hanyar da yake bi wajen magani. Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane, shi ya sa waya ta zama ƙofa ga mutumin da ke nesa da su, shi ya sa kuma 'yan damfara suka samu kasuwa.

Ka nemi mai jin Hausa in da hali. Mutum yana iya ciniki da Turanci, amma idan aka zo maganar abin da ke tsakaninsa da mahaifinsa ko matarsa, kalmomin sai su gudu. Mace kuma tana da damar cewa mace take so, ba wani abin kunya a ciki.

Kafin zaman farko za a turo maka takardar amincewa. Karanta ta. A ciki za ka ga kuɗin kowane zama, tsawonsa, da ƙa'idar ɗage lokaci, wadda galibi ita ce ka sanar awa 24 kafin lokacin ko kuɗinka ya tafi. Za a nemi adireshin inda kake da lambar wani makusanci da za a kira idan abu ya ɓaci. Wannan ya tsorata ni da farko, amma dalilinsa a fili yake: mutumin da ke Abuja ba zai iya ƙwanƙwasa maka ƙofa a Funtuwa ba. Takardar za ta kuma faɗi iyakar sirri. Abin da ka faɗa yana nan tsakaninku, sai dai idan akwai haɗari ga ranka ko ran wani, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta nema. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya na sirri da na a nemi yardarsa, don haka tambayar inda ake ajiye bayananka da wanda ke iya ganinsu haƙƙinka ne.

Zaman farko yakan ɗauki minti 50 zuwa 60, kuma kusan duk tambayoyi ne. Yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, akwai mai irin wannan a dangi, me kake sha, har da tiramadol, kodin, sholisho ko ƙwayar barcin da ake saya a kemis ba takarda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan ka ɓoye ƙwayar da kake sha, za a ɗora tsarin magani a kan labarin da ba naka ba. Za a ba ka wasu tambayoyi na awo. Wadda ake kira PHQ-9 tana da tambaya 9 a kan makonni biyun da suka wuce, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 5 zuwa 9 damuwa ce mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaiciya, 15 zuwa 19 ta fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. Ta fargaba kuwa, GAD-7, tambaya 7 ce, jimla 21. Tambaya ta tara a PHQ-9 tana tambayar ko kana tunanin gara ka mutu ko ka cutar da kanka. Kowa ake yi wa ita, kuma amsa ta gaskiya ita ce ke sa a san irin kulawar da kake buƙata. Mai lura zai kuma tura ka asibiti a auna jininka, saboda ƙarancin jini da matsalar ƙwayar wuya mai haddasa maƙoƙo suna kawo kasala da bugun zuciya irin na damuwa, kuma waya ba ta auna su.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne wurin zama. A gidajenmu ba a rufe ƙofa awa guda ba tare da an tambayi lafiya ba. Yara na leƙe, ana sallama a zaure, bangon gidan haya kuma ba ya riƙe magana. Mutumin da ke tsoron a ji shi zai riƙa raɗa, yana yanke zance, yana amsa "lafiya lau" ga komai, a tashi ba a taɓa ciwon ba. Abin da ya yi mini aiki: zaɓar lokacin da gida ya yi shiru, bayan yara sun tafi makaranta ko Islamiyya, da sa abin saurare a kunne don kada a ji muryar ɗaya ɓangaren, da kunna rediyo ko fanka kusa da ƙofa. Mota a ajiye a inuwa ma tana yi, haka ofis bayan an tashi. Mun kuma yi yarjejeniya da masanin da ke duba ni cewa idan wani ya shigo zan ce "to, sai na duba lissafin", shi kuma ya yi shiru har in dawo. Ga matan aure abin ya fi nauyi, musamman inda miji ke duba waya ko ake zaune da uwar miji da abokiyar zama. Kiran WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya, amma wannan bai hana wanda ya ɗauki wayarki karanta saƙonni ba. A sa mukulli a manhajar, a kashe bayyanar saƙo a fuskar waya, a kuma duba ko an haɗa asusun da wata kwamfuta.

Sai maganar sabis. Kiran bidiyo na awa guda a Zoom yana iya cinye rabin giga zuwa sama, kiran murya kuwa ɗan kaɗan yake ci. Ka cika caji, ka ajiye fawa banki kusa, ka jingina wayar da wani abu daidai fuskarka maimakon riƙe ta a hannu, haske ya kasance a gabanka. Tun ranar farko ku tsayar da abin da za a yi idan kira ya yanke: wa zai sake kira, bayan minti nawa za a koma kiran layi na yau da kullum. Idan hoto yana sandarewa, ku gaisa da bidiyo na 'yan mintuna sannan ku kashe kyamara. Amfanin yarjejeniyar yana fitowa ne ranar da kira ya yanke kana tsakiyar faɗin abin da ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, domin idan ba a sake haɗuwa nan take ba, da wuya ka iya komawa kansa.

Hanyar da aka bi da ni ita ce CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa, wadda likitan nan ɗan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Tushenta shi ne tunani, yanayin zuciya da aiki suna jan juna. Ana yin zama kamar 6 zuwa 20, kuma kowane zama yana farawa da duba aikin gida. Nawa littafi ne na rubutu da aka raba shafinsa gida biyar: abin da ya faru, tunanin da ya zo, abin da na ji da ƙarfinsa daga 0 zuwa 100, hujjar da ke goyon tunanin da wadda ke ƙaryata shi, sai tunanin da ya fi kusa da gaskiya. Ga misalin layi ɗaya. Na gaishe da maƙwabci bai amsa ba. Tunani: an san halin da nake ciki, an raina ni. Kunya, 80. Da muka zo gidan hujja sai masanin ya ce, "Malam, ka ga fuskarsa ko bayansa ka gani?" Bayansa na gani, kuma yana kan babur, injin na kunne. Da na sake aunawa kunyar ta sauko 30. Irin wannan layi ake cikawa kullum har mutum ya fara kama tunanin tun kafin ya yi nisa.

Sauran aikin gidan ba su da wuya a baki. Tsara abu ɗaya ko biyu da za ka yi kowace rana ko ba ka jin daɗi, kamar tafiyar minti 20 bayan la'asar ko zuwa gaishe da ɗan'uwa, saboda mai damuwa idan ya jira sai ya ji sha'awa ba zai motsa ba, kuma zaman yana ƙara ciwon. Numfashi a hankali, a shaƙa ana ƙirga 4, a fitar ana ƙirga 6, na minti biyar sau biyu a rana, a koye shi lokacin da ake lafiya don ya samu ranar da fargaba ta taso. Tashi a lokaci ɗaya kullum, da barin gado idan an yi kamar minti 20 barci bai zo ba. Na lura makon da na cika littafin, zaman yakan yi nisa. Makon da ban cika ba, labarin mako kawai ake bayarwa a rabu.

Wasu abubuwa suna kama da matsala alhali ba ita ba ce. Bayan wasu zama za ka tashi jiki a mace, ko ka yi kuka, domin an taɓa inda aka daɗe ba a taɓa ba. Kada ka sa wani muhimmin aiki nan da nan bayan zama. Shirun da masanin yake yi ma da gangan ne, yana ba ka fili, ko da yake a waya sai ka zaci sabis ne ya ɗauke. Abin da yake matsala na gaske shi ne mai yi maka wa'azi ko faɗa, mai alƙawarin warkewa cikin mako biyu, mai neman kuɗin wata shida a dunƙule, mai turo saƙon da ya wuce aiki da tsakar dare, ko mai naɗar zaman ba da izininka ba. Idan an yi zama uku ko huɗu ba ka sake da shi ba, faɗa masa, ko ka canza. Ana kuma maimaita PHQ-9 lokaci-lokaci, kuma idan maki ya ƙi sauka bayan makonni, dole a sake tsari ko a haɗa ka da likita.

Idan likita ya rubuta magani irin fluoxetine ko amitriptyline, sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin amfaninsa, wani lokaci har shida, alhali tashin zuciya ko jiri na iya zuwa tun kwanakin farko. A nan ne da yawa suke jefar da shi. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ban taɓa jin ƙwararren kirki ya hana ni addu'a, azkar ko ruƙiyya ba. Abin da ya roƙa shi ne kada a ajiye magani saboda su, kuma in faɗa masa duk wani jiƙo ko sassaƙe da nake sha.

Akwai inda waya ba ta isa. Wanda ke shirin kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutu da ɓarnar kuɗi, ko mai jegon da ta rikice bayan haihuwa, ko mai son barin ƙwaya bayan jiki ya saba, duk waɗannan asibiti ne wurinsu, a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. A rubuta asibiti mafi kusa da sunan wanda zai raka ka tun a zaman farko.

Sallama ba a yin ta kwatsam. Idan maki ya sauka ya zauna, ana mayar da zaman duk mako biyu, sannan duk wata. A na ƙarshe ana rubuta takarda mai ɗauke da alamun farko da ke nuna ciwon na dawowa, waɗanda a wajena su ne farkawa ƙarfe uku na dare da ƙin ɗaga waya, sai atisayen da za a koma wa nan take, da sharaɗin cewa idan alamun suka kai mako biyu a nemi zama ba tare da jira ba.