Daegu, garin yadi da saiwoyi

Duk ɗan Zamfara da Allah ya nufa da zuwa Koriya ta Kudu, shawarata gare shi ita ce kada ya ƙarar da kwanakinsa a Seoul, ya ware ko da kwana biyu ne ya gangara Daegu, birni mai mutane kusan miliyan 2.4 a kudu maso gabashin ƙasar. Daga Seoul, jirgin ƙasa mai gudu na KTX kan kai mutum tashar Dongdaegu da ke garin cikin ƙasa da awa biyu. Ƙanena da ke karatu a can ne ya tarye ni, kuma tun a tasha ya ce, "Yaya, ka yi sa'a da ba a Agusta ka zo ba." Duwatsu ne suka kewaye garin, shi ya sa zafinsa ya yi suna, zafi mai naso da gumi, ba irin busasshen zafin bazarar Gusau ba.

Garin 'yan kasuwa ne, kuma da wannan idon ya kamata a kalle shi. A nan aka kafa Samsung a 1938, yana ƙaramin kamfani mai cinikin busasshen kifi da taliya. Jirgin cikin gari na layi na 3, wanda ke tafiya a sama kan dogo guda, yana ajiye mutum a bakin kasuwar Seomun, inda na daɗe a rumfunan yadi ina kallon wata dattijuwa tana warware bandir, tana aunawa, tana yankewa ba tare da ta ɗaga kai ba. Masaƙar Gusau ce ta faɗo mini a rai, zuciyata kuwa ta sosu.

Amma inda ya fi kama ni shi ne Yangnyeongsi, kasuwar maganin gargajiya da ta faro tun 1658. Tun daga bakin layin ƙamshin kirfa da saiwoyi ke tarar mutum, kowane sassaƙe da aljihun katakonsa da sunansa a rubuce. Da masu maganinmu za su ga wannan tsari, da sun ƙaru ƙwarai.

Batun abinci yana buƙatar kula, domin gasasshen hanjin da garin ke alfahari da shi, makchang, sau da yawa na alade ne. Ni dai kifi da shinkafa da ganye na riƙe, ranar Juma'a kuma ƙanena ya kai ni masallacin cibiyar Musulunci ta garin, inda muka yi sahu da 'yan Pakistan da Indonesiya.