Bin sawun Caravaggio a majami'un Roma

Daga tashar jirgin ƙasa ta Termini na hau bas zuwa tsohon gari, na ƙarasa da ƙafa ta lungunan da ke tsakanin Pantheon da dandalin Navona. Cocin Faransawa nake nema, San Luigi dei Francesi. Can ƙurya ta hannun hagu mutane sun yi cirko-cirko, sai wani ya jefa tsabar kuɗi a akwati sannan fitila ta kama na ɗan lokaci.

Zane uku ne na Caravaggio, mai zanen nan ɗan Italiya, a wurin, duka kan Matiyu, mai karɓar harajin da ya zama almajirin Yesu, amma na kiran da Yesu ya yi masa, wanda aka gama a 1600, shi ya tsayar da ni. Maza biyar ne zagaye da teburin haraji, sanye da kayan zamanin mai zanen. Akwai taga a bango amma ba ta ba da haske. Hasken daga dama yake faɗowa a karkace, kamar hantsi ya shigo zaure, ya bi ta saman hannun Yesu ya sauka kan fuskokinsu. Shi kansa Yesu yana cikin inuwa, almajirinsa Bitrus ya kusa kare shi. Wani mai gemu a teburin ya ɗaga yatsa kamar yana tambaya ko da shi ake, wani saurayi kuwa ya duƙufa kan kuɗi bai ko ɗago ba. Har yau masana na jayayya kan wanne ne Matiyu a cikinsu. Ni dai na fi karkata ga saurayin, domin kiran ya fi nauyi idan wanda ake kira bai ankara ba tukuna.

Duhun nan da gangan aka yi shi. Ya haɗiye duk abin da zai ɗauke hankali, ido ba shi da zaɓi sai ya bi inda aka haska.

Da la'asar na miƙe arewa zuwa cocin Santa Maria del Popolo, inda akwai wasu zane biyu na Caravaggio. A ɗayan, na tuban manzo Bulus, yana kwance rigingine a hanyar Dimashƙu, ido rufe, hannuwa sama, doki ya cinye fiye da rabin zanen. Babu mala'ika, babu gajimare, haske kaɗai ya kayar da shi. Daura da shi ana ɗaga gicciyen Bitrus kai ƙasa, tafin ƙafar wani ma'aikaci duk datti, a saitin idon mai kallo.

A 1606 Caravaggio ya kashe mutum a faɗa ya tsere daga Roma, ya mutu a 1610 bai cika shekara 39 ba. Na tsaya gaban Bulus har mai gadi ya fara sallamar mutane.