Mutum ɗaya, riga biyu, wasa ɗaya

Aikin da na fara samu a Boston shi ne tsaron wurin ajiye motoci kusa da filin Fenway Park, gidan ƙungiyar Red Sox. Ni da na taso a Kano ina kallon Pillars, besbol bai yi mini kama da wasa ba. Mutum ya tsaya da sanda, a jefo masa ƙwallo, ya ƙi bugu, jama'a su yi ta tafi. Abokin aikina, wani dattijo ɗan ƙasar Dominika da nake ce wa Baba, shi ya ɗauki nauyin wayar mini da kai, ko ina so ko ba na so.

Ranar 26 ga Yuni, 2024, ruwan sama ya tsayar da wasan Boston da Toronto Blue Jays a zagaye na biyu. Mun jiƙe sharkaf muna fitar da motoci. Lokacin da aka tsaya, Danny Jansen na Toronto ne riƙe da sanda.

Bayan wata guda, ana dab da rufe kasuwar musayar 'yan wasa a ƙarshen Yuli, sai Toronto ta miƙa wa Boston shi. Na tambayi Baba ko an nemi yardarsa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce: "Yaro, nan ba a tambaya. Sai in yarjejeniyarka ta hana, ko ka yi shekara 10 a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. In ba haka ba, a waya za a gaya maka ka haɗa kayanka." Maganar ta tsaya mini a rai, domin a satin ne aka mayar da ni aikin dare, ni ma a waya na ji.

Da aka dawo ƙarasa wasan ranar 26 ga Agusta, doka ta yarda a sa ɗan wasan da ba ya cikin ƙungiyar a ranar farko. Jansen ya fito da rigar Boston, ya tsugunna a bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, Daulton Varsho kuma ya karɓi sandar da shi Jansen ɗin ya bari a Yuni. Ba a taɓa samun wanda ya buga wa ƙungiyoyi biyu a wasa ɗaya a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka ba. Toronto ta ci 4 da 1, kuma sunansa na cikin jerin 'yan wasan ɓangarorin biyu.

Da daddare na kira ƙanena a Fagge na ba shi labari. Ya yi shiru, can ya ce: "Yaya, to shi yanzu ya ci ne ko an cinye shi?" Na ce ya bari in tambayi Baba gobe.