Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har aka ceto kundin jaridar ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdulillahi, aikin ceto tsofaffin fitowar jaridar ɗalibai ta kwalejinmu ya zo ƙarshe, gwargwadon abin da Allah Ya nufa a cece. Jiya yaran nan suka ɗauki hoton shafi na ƙarshe, aka rufe kwali, aka sa masa lamba. Jikina duk ciwo yake, tarin da ƙurar takarda ta sa mini bai sake ni ba har yanzu, amma ba zan iya kwanciya da nauyin godiyar mutane a kaina ba.

Ba sai na maimaita muku abin da ya faru ba. Kuna tare da mu tun ranar Talatar nan, 10 ga Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya shigo mana garin Maiduguri cikin dare. Wanda ya ga Gwange da Kasuwar Monday da ƙofar fadar Shehu a wancan makon ba ya buƙatar labari. An rasa rayuka, an rasa gidaje da dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa. Na san a gaban wannan takarda ƙaramin abu ce. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Sai dai ƙaramin abin nan amana ce a hannuna, kuma ba shi da na biyu. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko New Nigerian da ta fito a 1966, in kwafi ya lalace a wuri ɗaya akwai fatan samun wani a ɗakin karatun wata jami'a ko a gidajen adana tarihi na Kaduna. Jaridar ɗalibai fa? Ana buga 'yan ɗaruruwa, a karanta a ɗakin kwana, washegari a ƙunshe ƙosai da ita. Abin da ya rage a duniya shi ne wanda wani edita mai tsentseni ya ware ya jefa cikin adaka kafin ya gama makaranta. Adakokin nan su ne ruwa ya kwana a kansu.

Ranar da ruwa ya janye muka samu shiga ɗakin, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Laka har idon sawu, wari kuwa sai da muka toshe hanci. Na buɗe adaka ta farko na tarar kundin shekarun farko ya kumbura kamar gurasar da aka jiƙa, bangonsa ya saki, na sa yatsa sai ya nutse. Hannuna rawa yake. Niyyata in kwashe su duka in baza a filin ƙwallo rana ta busar da su. Allah Ya sa kafin nan na kira wani dattijo a Kaduna wanda ya yi rayuwarsa yana aikin adana takardun tarihi. Bai bar ni na gama bayani ba ya ce, "Malam, kada ka shanya su a rana, za su kanannaɗe su farfashe. Kada ka ɓamɓare shafin da ya manne. Muddin suna cikin ruwa fumfuna ba ta kama su, amma tunda sun sha iska, kwana biyu zuwa uku gare ka. Nemi firiza." Ya ce sanyi ba ya busar da takarda, tsayar da lalacewa yake yi, sai mutum ya riƙa ciro kaɗan-kaɗan yana busarwa a tsanake. Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa ilimin nan ya zama sadakatul jariya a gare ka.

To, firiza a garin da babu wuta, rabin mutanensa suna sansani? Na zauna a bakin baranda na rasa inda zan dosa.

Ta ce kada in ambace ta, na san kuma ba al'adarmu ba ce a tallata alherin mutum yana raye, amma Hajiya, ki yi haƙuri, yau sai na faɗa. Hajiya mai ƙanƙara, duk wanda ke unguwarmu ta tudu ya san wadda nake nufi. Firiza biyu gare ta, da janareta take tayar da su, kuma a makon nan babu abin da ake nema a gari kamar ƙanƙara da ruwan sanyi. Lokacin cinikinta ke nan. Wani ɗalibi ne ya kai ni gidanta, na shiga ina kame-kame, don ni kaina na san abin da zan roƙa bai yi kama da hankali ba: takardun da suka kwana cikin ruwan kwata, a sa su inda ake daskarar da abin da mutane za su sha. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Ɗana, na karatu ne?" Na ce na karatu ne, Hajiya. Sai ta juya ta ce wa yaranta su kwashe ƙanƙarar babbar firizar su raba wa maƙwabta. Iyakar maganar ke nan. Muka nannaɗe kowane kundi cikin leda, muka jera. Ta san firizar nan ba za ta sake yin ƙanƙarar sha ba sai an wanke ta an sake wankewa, ta san makonni za mu ɗauka. Da na kawo kuɗin mai, ta mayar mini da su cikin aljihu da hannunta ta ce in sayi magani tarin nan ya yi yawa. Hajiya, Allah Ya sanyaya miki kabarinki ranar da kika koma gare Shi bayan tsawon rai mai albarka. Allah Ya shayar da ke daga Alkausara. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya buɗa kasuwarki ta inda ba ki zata ba, Ya tsare ki daga roƙon kowa sai Shi.

Baba mai gadi ma ba zan tsallake shi ba. A daren ambaliyar, ruwa ya kai masa ƙugu, kafin ya gudu sai da ya ɗora adakokin da ƙarfinsa ya iya a saman kabad ɗin ƙarfe. Ɗakinsa da tabarmarsa da rediyonsa duk sun tafi. Waɗannan adakokin ne kaɗai suka fito a bushe. Allah Ya ɗaga darajarka, Baba.

'Yan jaridarmu na yanzu, maza da mata, wasu daga sansanin Bakasi suke zuwa da safe su koma da yamma. Su ne suka zauna ƙarƙashin fanka da takunkumi da safar hannu, suna sa farar takarda tsakanin shafi da shafi, in ta jiƙe su canza wata. Ma'aikaciyar jinyar da ta kawo mana takunkuman, da mai shagon da ya ara mana na'urar ɗaukar hoton takarda bai karɓi ko sisi ba, Allah Ya san ku.

Abin da aka samu ya fi abin da na yi tsammani. Fitowar da aka buga da keken rubutu aka juya a injin Gestetner sun jure, don tawadarsu mai maiƙo ce, ruwa bai narkar da ita ba. Muna da ta watan Afrilun 1978, lokacin zanga-zangar "Ali Must Go", da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗaliban jami'a na kullum, ɗalibai suka nemi kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali ya sauka, aka kashe wasu a Legas da Zariya. Muna da ta 1991 da aka cire Yobe daga Borno, ɗalibai suna tambayar makomar tallafin karatunsu. Muna kuma da ta ambaliyar Satumbar 1994, daga wannan madatsar dai, shekara 30 cif kafin tamu. Yarinyar da ta ɓare shafin ta karanta mana shi da ƙarfi, unguwannin da aka lissafa su ne dai waɗanda muka baro cikin ruwa. Babu wanda ya iya cewa komai a ɗakin.

Wanda muka rasa shi ne ke hana ni barci. Bayan rikicin Boko Haram na Yulin 2009 bugu ya tsaya, ga dokar hana fita, ga 2013 da aka katse layukan waya. A shekarun nan da hannu ɗalibai suke rubuta jaridar, da biro da alƙalamin maka a kan kwali, su manna a allon sanarwa. A nan suke rubuta sunayen abokan karatunsu da aka rasa, da waɗanda suka tafi hutu ƙauye ba su dawo ba, da waƙoƙin ta'aziyya. Tawadar biro da maka ba ta jure ruwa. Yawancinsu mun ciro su shuɗi ne kawai ya malale a kan kwali. Shekarun da suka fi kowanne buƙatar shaida su ne suka fi wankewa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Uwargida, kin riƙe yara a gidan mutane, gidanmu na cike da laka, ni ina can wajen takardu, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Allah Ya biya ki da Aljanna. 'Yan'uwana na jini da ke ɓangaren garin da ruwa bai taɓa ba, na san kowa da uzurinsa, na dai sa ido a hanya. Haka ma wasu tsofaffin editocinmu da Allah Ya ɗaukaka, da suka yi alkawari a zaurenmu na WhatsApp. Ban riƙe kowa a rai ba. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Yanzu hotunan shafukan suna wuri uku: kwamfutar ɗakin karatu, ma'ajiyar intanet, da kwafi ɗaya da muka tura wajen gari. Takardun kansu suna cikin kwalaye a bene, nesa da ƙasa, nesa da gara.

Roƙona ga duk wanda ya yi karatu a kwalejin nan daga 2009 zuwa 2015: ku duba tsofaffin wayoyinku da katin ajiyarsu. In ka taɓa ɗaukar hoton allon sanarwar nan, ko da bai fito sosai ba, ko da kai ne a gaba allon na bayanka, turo mana. In kuma kai ne ka rubuta wani abu a kai kana tuna shi, zo ɗakin karatu ka faɗa mana mu rubuta, musamman sunayen.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya kiyaye Maiduguri da mutanenta, kada Ya maimaita mana. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.